Daddawar da Ta Tona Asirin Tarjuki

Duk wanda ya taɓa shan romon kazar nan da ake kira saoto a rumfar abincin da ke ƙarshen layi a unguwar Blauwgrond ta birnin Paramaribo, wadda mangwaro ya kwanta a kan rufinta, ya san hannun Tarjuki kafin ya san fuskarsa. Hannun ne ke leƙowa ta 'yar tagar kicin riƙe da kwano. Yatsu biyu babu, fatar kuma daga wuyan hannu har gwiwa ta yi santsi tana sheƙi kamar tumbin kifi. Yara kan tsorata da shi ranar farko. Kafin su kai shekarun makaranta sun saba, har sukan ce romon da wani hannu ya miƙo ba ya daɗi.

Ba a Suriname aka haife shi ba. Mutumin Tegal ne, can bakin teku a tsibirin Jawa, inda kakanninmu suka baro tun zamanin gonakin rake. Uwarsa mai sayar da romo ce a gefen titi. A gindin tukunyarta ya yi rarrafe, a nan ya koyi tsaga kaza da yatsu, a nan ya koyi gane romo ya nuna da hanci kawai. Da ya zama saurayi sai ya bi abokinsa Rasban suka sa hannu a aikin wani jirgin kamun kifi mai dogon zango, irin wanda kan shekara bai ga tudu ba.

Kyaftin ɗin jirgin baƙo ne, ba wanda ya san harshensa, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Yana da mai yi masa. Casmadi ne mandor, shi ke tsaye a kan ma'aikata, kuma ɗan garinsu ne. Gidan uwarsa na bayan kasuwar kifi, Tarjuki ya san ƙofar. Wannan sanayya ba ta rage komai ba. Casmadi na yawo da kulkin katako wanda ake dukan kan manyan kifaye da shi idan an jawo su, kuma bai bambanta kan kifi da kafaɗar mutum ba. Ya san sunan uwar kowa, don haka zaginsa ya fi na baƙo zafi.

Abincinsu shinkafa ce mai ƙwari da kifin da ake sa wa ƙugiya. Barci kuwa sai wanda mutum ya sata a tsaye. Wata rana igiyar ƙugiyoyi ta naɗe hannun Tarjuki injin na ja, ta tafi da yatsunsa biyu cikin teku kafin ya ji zafin. Casmadi ya zo ya duba, ya haure shi a haƙarƙari don ya tsayar da aiki, ya naɗe dungun da tsumma, ya tura shi ya koma kan igiya.

Rasban barci ne ya kashe shi. Ya gyangyaɗa yana riƙe da ƙugiya, babban kifi ya kuɓuce. Kulkin ya sauka a ƙeyarsa, ƙarar kamar an fasa kwakwa. Bai mutu nan take ba. Ya kwana ya wuni a ƙasan jirgi jini na fita ta kunnensa, yana ta sambatu, kuma duk sambatun na romo ne. Yana cewa a ƙara masa tauco, wato daddawar waken soya da mutanen Tegal ba sa shan romo sai da ita. Yana cewa uwar Tarjuki ta yi masa rowa. Da ya cika aka sa shi a ɗakin ƙanƙara tare da kifi, da aka doshi tudu aka ce a jefar. Casmadi ya ɗauki kafaɗu, ya sa Tarjuki ya ɗauki ƙafafu. Ƙafafun sun daskare, sun yi tauri kamar itace, sanyinsu ya shiga dungun yatsunsa ya zauna. Har yau idan hadari ya haɗo yakan ce Rasban na gaishe shi.

Ranar da jirgin ya shigo kogin Paramaribo don sauke kifi, Tarjuki bai san sunan ƙasar ba. Ya ga ruwa ja kamar shayi, ya ga bishiyoyi, ya jira Casmadi ya juya baya, ya faɗa. Ruwa ya ja shi ƙasa da gari ya tofar da shi cikin taɓo. Ya fito babu takalmi, bawon kawa ya yayyanka masa tafin ƙafa, ya kama tafiya yana barin sawun jini. Ya wuce baƙaƙen mutane, ya wuce Indiyawa, ya wuce kantin ɗan Sin, ba wanda ya ji maganarsa. Rana ta yi ƙasa. Sai ya ji wata mata a bayan shinge tana yi wa jikanta faɗa da Jawanci, tsohon Jawanci irin na kakarsa. Ya tsaya cak. A ransa ya ce ashe dai ya mutu a kogin, wannan lahira ce, kuma lahira ta yi kama da gida.

Sannan ƙamshin ya same shi. Citta, tafarnuwa, ganyen miyar Jawa da ake kira salam, kaza da ta daɗe a wuta. Ƙafafunsa suka bi ƙamshin ba da shawararsa ba, suka zagaya da shi bayan wata rumfa, ta wani ƙyauren langa-langa da ba a sa wa sakata ba.

Ranar Alhamis ce, gab da magariba. A barandar baya akwai ɗan tebur, a kansa kwanon romo yana tururi, da shinkafa a ganyen ayaba, da baƙin kofi, da taba sigari guda, da furanni a kofin ruwa, turaren wuta na hayaƙi a gefe. Babu ɗan Jawa da zai ga wannan teburin bai gane ba. Abincin mamaci ne, an ajiye wa wanda ya tafi don ya zo ya shaƙi rabonsa. Tarjuki ya sani. Ya ce wa mai kwanon ya yi haƙuri, ko waye shi, ya durƙusa, ya kafa kai.

Bai kai rabi ba ya ji bayan adda ya sauka a gadon bayansa. Na biyu ya same shi a kunne. Ya kife, kwanon na rungume a ƙirjinsa, bai bari ko ɗigo ya zube ba. Da ya ɗago sai ya ga tsohuwa gajeriya, zani ɗaure a ƙirji, adda a sama, wannan karon ta juyo kaifin. Mbok Saminem ce, mai rumfar, Mbok kuwa Inna ke nan a Jawanci.

"Ɗan wace marar tarbiyya ne kai? Ko kare ya san ba a taɓa wannan teburin."

"Mbok, sare ni in kin ga dama," in ji shi. "Amma ki bari in shanye tukuna."

Addar ta tsaya a sama. Ta dubi ƙafafun, ta dubi hannun da tsumman ya manne da nama, ta dubi ƙasusuwan wuyansa. Ta tambaye shi ɗan wace unguwa ne da bakinsa ya karkace haka. Ya ce Tegal. Ta ce ba ta san wata Tegal a Suriname ba. Ya ce ta Jawa. Tsohuwar ta zauna a kan dakali a hankali, don ita tun da take ba ta taɓa ganin mutumin da ya taka Jawa da ƙafarsa yana saurayi ba. A wurinta Jawa wuri ne da tsofaffi ke ambata idan za su mutu.

Kwanon na ɗanta ne, Legimin. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin daji, aka tura shi can sama da kogi, abin da ya dawo mata da shi hula ce kawai. Ba ta da kabarin da za ta share. Teburin shi ne kabarin. Tarjuki ya shanye sauran romon. Ta daɗe tana kallon kwanon da ya koma wayam, sannan ta ce shekara da shekaru tana zuba wa yaron nan abinci, bai taɓa shanyewa ba sai yau.

Ta shigar da shi kicin. Ta zuba masa na tukunya: romo mai zafi, kaza a tsattsage, tsiron wake, dafaffen ƙwai, soyayyen dankali siriri kamar tsinke, soyayyar albasa. Ta tura masa kwalbar baƙin yaji. Shi kuwa ya kwashi cokali cike, yadda ake yi a gida, bai san rawayan attaruhun nan ƙasar ba ya wasa. Wuta ta kama masa daga harshe har cibiya. Ya yi ta tari, hawaye na zuba, da hawayen suka samu hanya sai suka ƙi tsayawa. Mbok Saminem ta juya baya tana kankare tukunya, tana cewa haka attaruhun yake yi wa kowa, har mazan da suka fi shi gemu.

Ta wanke masa hannun da ruwan gishiri yana cizon zani. Ta ba shi ɗakin Legimin da rigunan Legimin. Doka ɗaya ta kafa masa: kada ya leƙa gaban rumfa. Wakilan jirage na da 'yan kore a bakin tasha, kuma wanda ya gudu daga jirgi, idan aka kama shi, jirgin ake mayar wa. Tarjuki ya san abin da ke jiransa a can. Shi ya ɗauki ƙafafun Rasban da hannunsa.

Haka ya zama hannu a taga. Yana fige kaji, yana niƙa yaji a dutse, yana soya rogo. Tana kiransa Le, kamar yadda take kiran ɗanta. Maƙwabcinsu Paidin, mai yanka mata kaji, kullum sai ya tsokane shi, wai ga mutumin da ya ci abincin matattu ya yi ƙiba, su da ke cin na masu rai suna ramewa. Paidin na cikin masu cewa ajiye wa mamaci abinci bidi'a ce, amma bai taɓa faɗa a gaban Mbok ba, don ya san addar.

Jirgin ya tafi, damina ta zo ta wuce, jikinsa ya murmure. Da jiki ya murmure sai harshe ya fara tuna abin da ya rasa. Romon Mbok na da daɗi, amma a bakinsa kamar waƙa ce da aka manta baiti ɗaya. Ranar da ya faɗa mata saura kaɗan ta kwaɗa masa ludayi. Ta ce kakarta ta ƙetaro teku da romon nan a ka, babu abin da ya zube a hanya. Ya ce ya zube, Mbok, daddawa ce ta zube. Ya roƙi Paidin ya duba masa kantin ɗan Sin, sai ga ta a kwalba, launin ƙasa, da warinta mai tayar da yunwa. Ya soya ta da albasa da barkono yadda uwarsa ke yi, ya zuba a kwanonsa shi kaɗai. Cokalin farko ya mayar da shi gefen titi a Tegal, har ya ji ƙarar kekuna.

Da a kwanonsa ta tsaya, da shi ke nan. Amma Paidin ya ɗanɗana ya nemi ƙari. Mbok ta ɗanɗana ta ce ƙazanta ce, ta sake ɗanɗanawa don ta tabbatar. Mai dafa abinci ba ya iya ɓoye abin da ya iya, kamar mai murya ne a gidan biki. Ba a jima ba aka fara zuwa ana cewa a zubo mai daddawa. Ma'aikatan jirage 'yan Jawa da kan sauka a tasha suka ji labari, wannan ya gaya wa wancan, cewa akwai wata rumfa a Blauwgrond da ake shan romon Tegal sak. Tarjuki ya ji daɗin yabon. Bai tsaya ya yi tunanin cewa a duk faɗin ƙasar nan babu wanda zai iya wannan haɗin sai wanda aka haifa a can ba.

Wata Lahadi da azahar, rumfa cike, mutum uku suka shigo. Biyu ƙattin tasha ne. Na ukun ya zauna ya ce a kawo mai daddawa. Tarjuki na cikin kicin, bai ga fuska ba, ya zuba, ya miƙa wa Mbok ta ƙofa don taga ta cushe da kwanuka. Sai da mutumin ya yi magana ta biyu muryar ta shiga kunnensa. Dungun yatsunsa ya ɗauki sanyi.

Casmadi ya kai cokali baki ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Shi ma shekarunsa nawa rabonsa da gida. Jirginsu ne ya dawo sauke kifi, amma ba farauta ce ta kawo shi rumfar ba, yunwa ce, irin wadda ta kawo Tarjuki. Ya buɗe ido ya tambayi Mbok wa ke kicin.

"Ɗana ne, Legimin."

"Ɗanki a Tegal kika haife shi, Mbok?"

Ta juya ta nufi ƙofar kicin. Shi kuma bai yi gaggawa ba. Ya cinye kazar, ya fasa ƙwan, ya juye shinkafar a romon, ya ɗaga kwanon ya shanye har ƙasa, ya share baki. Sannan ya miƙe.

Ƙyauren baya a buɗe yake. Tarjuki ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje, mangwaro da shinge da hanyar gudu duk suna gabansa. Abin da ya dawo da shi ƙara ce. Mbok Saminem ta tare ƙofar kicin da jikinta, Casmadi ya sa bayan hannu ya make ta, kanta ya daki gefen tebur. Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Tarjuki ya taɓa jin irinta.

Ya juyo. Ƙato na farko ya shigo ya cafke shi ta wuya, na biyu ya sa masa gwiwa a ciki har ya amayar da abin da ya ci. Suka danne shi a jikin murhu. Casmadi ya shigo yana murmushi, yana kiransa ɗan mai romo, yana cewa kyaftin ya yi kewarsa, ɗakin ƙanƙara ma akwai wuri. Ya ɗauki itacen wuta ya sauke masa a baki, haƙora biyu suka zubo. Ya sake ɗagawa.

Babbar tukunyar romo na kan wuta tana tafasa tun safe. Tarjuki ya zura hannunsa mai yatsu uku ya kama bakinta, ƙarfen ya ci namansa, ya jawo ta kansu gaba ɗaya. Romon ya bi hannunsa har gwiwa ya kwashe fatar, sauran ya sauka a cinyoyin ƙattin da ƙafafun Casmadi. Kicin ya cika da tururi da ihu da ƙamshin citta. Ƙattin suka sake shi suna birgima cikin ƙasusuwan kaji. Casmadi ya zame ya faɗi rigingine. Tarjuki ya haye ƙirjinsa, hannunsa mai lafiya ya lalubo dutsen niƙan yaji, ya ɗaga shi sama saitin goshi.

"Le."

Mbok ce, ta rarrafo bakin ƙofa, jini ya rufe mata rabin fuska.

"Romona ne a cikinsa. Ba a kashe mutum da abincina a cikinsa."

Dutsen ya tsaya a sama. Casmadi na kallonsa daga ƙasa, bakinsa na warin daddawar uwar Tarjuki. Dutsen ya sauko, amma a kan hannun dama ya sauka, hannun kulkin, wanda ke shimfiɗe a siminti. Ya sake sauka. Ya yi ta sauka yadda ake niƙa barkono, har sai da Paidin da mazan layin suka shigo da addunansu suka ɓamɓare shi, abin da ke ƙasa kuma bai ƙara kama da hannu ba.

'Yan sanda suka tafi da Tarjuki. Wakilin jirgin ya zo da takalma masu sheƙi ya ce a ba shi ma'aikacinsa, aka ce masa wannan yanzu mai laifi ne, sai alƙali ya gama da shi. Kifi ba ya jiran alƙali. Jirgin ya ɗaga da sabon mandor, Casmadi kuma aka sa shi a jirgin sama daga asibiti zuwa gida. Laifin da ya kulle Tarjuki shi ya riƙe shi a tudu. Ya yi zamansa na gidan yari, Mbok na kawo masa romo a kwano mai murfi, idonta na hagu ya mutu tun daga ranar, tana tafe tana karkata kai kamar kaza. Ba ta taɓa ce masa daddawarsa ce ta jawo ba. Shi ne ya faɗa, ta cikin ragar ƙarfen gidan yarin, da bakinsa mai giɓi. Ta ce ya yi shiru ya sha kafin ya huce.

Da ya fito, mutanen layin suka yi ta zirga-zirga har aka bar shi ya zauna. Ya auri ƙanwar matar Paidin, suka haifi 'ya'ya mata waɗanda ba su san Tegal ba sai a baki. Bai koma ba. Ya ce uwarsa ta rasu yana gidan yari, kuma ba zai iya bi ta bayan kasuwar kifi ba. Shi ya riƙe kan Mbok Saminem ranar da ta cika, rumfar kuma ta zama tasa, ko da yake har gobe sunanta ake kira.

Tun daga waccan Lahadin bai ƙara sayar da mai daddawa ba. Baƙi daga Jawa kan zo su roƙa, ya ce ya manta yadda ake yi. Ranar Alhamis kawai, idan rana ta yi ƙasa, warinta kan tashi daga kicin. Yakan fito barandar baya da kwano uku. Na Legimin da tabarsa, na Mbok da kofinta mai ɗaci, na Rasban kuma shi ne mai daddawar, cokali biyu, don kada ya sake cewa an yi masa rowa. Ya kunna turare, ya cire sakatar ƙyauren langa-langa, ya koma ciki ya ci gaba da fige kajin gobe.